Nushe Jaan: Jagorar Kalaman Cin Abinci a Gidan Iraniyawa

Duk wanda zai zauna cin abinci da Iraniyawa, ɗalibi ne a Kum, mai ziyara ne a Mashhad, ko ɗan kasuwa a Tehran, kalmar farko da akan koya masa ita ce *nushe jaan*. Sai a ce masa ma'anarta "a ci lafiya", a sallame shi. Fassarar ba ƙarya ba ce, amma ba ta isa ba. Kalmar tana da mai faɗinta, tana da lokacinta, kuma kusan kowace magana ta wajen cin abinci a Farisanci tafe take da amsarta, kamar yadda "sannu da aiki" ke tafe da "yauwa, sannu". Wanda ya haddace kalmomin bai san jerinsu ba, sai ka ji shi yana yi wa matar gida addu'ar da ita ce ya kamata ta yi masa.

## Furuci da girmamawa

An rubuta kalmomin nan yadda Bahaushe zai iya karantawa. *aa* dogon wasali ne da ke tsakanin a da o: ka buɗe baki kamar za ka ce "a", sai ka ɗan zagaye leɓe. *kh* harafin خ ne na karatun allo. *gh* yana tsaye a madadin غ da ق duka biyun, domin mutanen Tehran sun haɗe su wuri ɗaya. *c* namu ne na "ci". Harafin *p* kuwa daban yake da *f* a wurinsu, sai an rufe leɓe ruf kafin a sake shi, kamar a *polo* da *por*.

Abu biyu ne ke rikita sabon shiga. Na farko, yadda ake rubutu daban da yadda ake magana. A bakin mutanen Tehran *aan* yakan koma *un*: *jaan* ya zama *jun*, *naan* (gurasa) ya zama *nun*, *mehmaan* (baƙo) ya zama *mehmun*. Saboda haka *nushe jaan* da *nushe jun* abu ɗaya ne, na biyun ya fi kusa da hirar cikin gida. Na biyu, akwai *to*, wato kai ko ke, akwai kuma *shomaa*, wato ku, wadda ake faɗa wa mutum ɗaya don girmamawa. Ƙarshen kalma ke nuna wanne aka ɗauka: *-et* na aboki ne da yaro, *-etun* na babba ne da wanda ba a saba da shi ba. Aboki ka ce masa *nushe junet*, mahaifinsa ka ce masa *nushe jaanetun*. In kana shakka, riƙe *shomaa* har sai su da kansu sun sauko da kai.

## Mataki na 1: Gane wa ke cewa nushe jaan

A rubuce نوش جان. *Jaan* rai ne. *Nush* kuwa abin sha ne mai daɗi mai gyara jiki, kishiyar *nish*, wato harbin kunama ko na zuma. Daga gare shi aka samo *nushdaaru*, maganin da jarumi Rostam ya nema don ceton ɗansa Sohrab a cikin Shahnameh, littafin da Firdausi ya kammala a 1010. Maganin bai samu ba har yaron ya cika, har yau kuma Iraniyawa na kiran taimakon da ya makara "nushdaaru bayan mutuwar Sohrab". To in an ce maka *nushe jaan*, ana nufin abin da ka ci ya zama magani ga ranka.

Ƙa'idarta ɗaya ce: daga mai bayarwa ko mai kallo take fitowa, ta nufi mai ci. Wurare uku aka fi jin ta. Matar da ta yi girki tana faɗa bayan an gode mata. Ma'aikacin gidan abinci yana faɗa idan ya ajiye faranti. Wanda ya tarar da wani yana ci, aka yi masa tayi, yana faɗa a matsayin "na gode, ci abinka". Wannan na ukun shi ne baƙi suka fi jahilta, alhali shi za su fi buƙata kullum.

In an faɗa maka, amsa ita ce *mamnun* ko *mersi*, duka biyun "na gode" ne, ta biyun daga Faransanci aka aro ta. Baƙo ya zauna, an ajiye abinci, ya dubi matar gida ya ce *nushe jaan*: ba zagi ba ne, murmushi kawai za a yi, amma ya juya maganar baibai.

## Mataki na 2: Tayi, da yadda ake auna shi

Kalmar tayi ita ce *befarmaayid*, a rubuce بفرمایید, a danna gaɓar farko. Asalinta "ku ba da umarni", amma aikinta daidai yake da "bismillah" ɗinmu: shigo, zauna, karɓi, ɗauka, fara. Masu addini ma sukan haɗa su biyun, su ce *besmellaah, befarmaayid*. Ga aboki *befarmaa* ta wadatar.

Ba a cin abu a gaban mutum ba a yi masa tayi ba, ko biskit ne a cikin mota. Ga yadda musayar ke tafiya:

Mai ci: *Befarmaayid.*
Kai: *Mamnun, nushe jaan.*
Mai ci: *Ta'aarof nakonid, befarmaayid.* (Kada ku yi kara, bismillah.)
Kai: *Mamnun, sarf shode.* (Na gode, an riga an ci.)

Wannan ɗabi'a sunanta *ta'aarof*, kalmar Larabci ce da Farisawa suka ba ta sabon aiki. Bahaushe ba baƙonta ba ne, ya san tayi, ya san kara, ya san fulako. Bambancin shi ne a Iran abin ya faɗaɗa har ya kai kuɗin mota da farashin kaya a shago, kuma an yi masa kalmomi tsayayyu.

Za ka ji ana cewa sai an ƙi sau uku kafin a karɓa. Ba doka ba ce, kuma wanda ya tsaya ƙirge zai yi kuskure ta fuska biyu: ya karɓi abin da ba a yi niyyar ba shi ba don an kai uku, ko ya ƙi abin da aka shirya dominsa don ba a kai ba. Abin lura ya fi ƙirge. Tayin gaske yana zuwa da aiki: an raba gurasar biyu, an ɗauko wani faranti, an matsa an ba ka wuri. Gayyatar gaske tana zuwa da rana da lokaci. Tayin ladabi kuwa baki kaɗai ke yinsa, hannu bai motsa ba. Direban da ya sauke ka kusa da gidansu ya ce *befarmaayid naahaar*, wato zo mu ci abincin rana, gaisuwa ce ya yi. Sannan ka dubi yawan abin. Leburan da ke riƙe da gurasa ɗaya da ɗan cuku, ko sau biyar ya faɗa, amsarsa *nushe jaan* ce.

In kai ne mai tayin kuma da gaske kake, ka ce *bedune ta'aarof*, wato ba kara a ciki, ka haɗa da miƙawa.

## Mataki na 3: Shiga gida da zaman shayi

An gayyace ka *shaam*, abincin dare. Sauran su ne *sobhaane* na safe da *naahaar* na rana. Ba a zuwa hannu rabbana: kwalin kayan zaƙi, wato *shirini*, ko furanni sun isa. A gidajen masu addini namiji yakan ɗaga murya ya ce *yaa Allaah* a bakin ƙofa don mata su kimtsa, aikin sallama ke nan. A cire takalmi. Namiji kada ya miƙa wa mace hannu, ya ɗora dama a ƙirji ya ɗan sunkuyar da kai.

Da ka miƙa tsarabar ka ce *ghaabele shomaa ro nadaare*, ba ta kai darajarku ba. Za a ce *ceraa zahmat keshidid?*, me ya sa kuka wahalar da kanku? In furanni ne, wataƙila a ƙara da *khodetun golid*, ku kanku fure ne. Ba a buƙatar doguwar amsa, *khaahesh mikonam* ta rufe zancen. Wannan kalma ka riƙe ta da kyau, tana aikin "ba komai", tana aikin "don Allah".

Ba a fara da abinci. Shayi ne zai fito, *caay*, a ɗan ƙaramin kofin gilashi da suke kira *estekaan*, ba madara. Za a iya tambayarka *kam-rang* ko *por-rang*, wato mara kauri ko mai kauri. Sukarin ƙwaya ne, *ghand*, ba a jefa shi a kofi: a sa ɗaya a baki, a kurɓi shayin ta kansa. Bayan shayi sai 'ya'yan itace da ɗan faranti da wuƙa a gaban kowa, kuma kada ka yi mamakin ganin kokwamba a tsakiyar tuffa da lemo, a wurinsu cikin kayan marmari take, a fere ta a barbaɗa gishiri.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cika ciki. Abincin dare a gidan da aka yi baƙi sau da yawa ba ya fitowa sai ƙarfe 9 ko 10. Baƙon da yunwa ta kama ya afka wa kayan zaƙi da kankana, lokacin da shinkafa ta iso ba shi da wuri, matar gida kuma ta ɗauka girkinta ne bai yi ba. Shayi ɗaya ko biyu, ɗan itace ɗaya, zaƙi ɗaya. Shayin farko dai ba a ƙinsa da gaske, a karɓa a ce *daste shomaa dard nakone*, bayaninta na tafe.

Wata 'yar gyara ta nahawu: Farisanci na yau da kullum bai raba ci da sha ba. *Khordan* ne duka, shayi ma "cinsa" ake yi, ruwa ma haka. Amma ba a ce wa babba *bokhor*, wato ci. Sai a ce *meyl konid* ko *meyl befarmaayid*. Kai kuma ba ka ɗaukaka kanka da wannan kalmar, a kanka *khordam* za ka ce, na ci.

## Mataki na 4: Kiran abinci da wurin zama

Kira shi ne *befarmaayid shaam* ko *befarmaayid sare sofre*. *Sofre* shimfiɗar cin abinci ce, ta leda ko ta ƙyalle, a ƙasa bisa darduma ko a kan tebur. Tana da alfarma: ba a taka ta, ba a tsallaka ta, ba a miƙe ƙafa a nufe ta. Gurasa ma ba a wulaƙanta ta, gutsuren da ya faɗi a ɗauke shi.

Wurin girma shi ne mafi nisa daga ƙofa, sunansa *baalaa*, sama. Za a ce maka *befarmaayid baalaa*. Ka ɗan ja baya ka nuna dattijon gidan ka ce *avval shomaa*, ku ne farko. In suka nace, ka zauna. In zama ya sa wani ya juya maka baya zai ce *bebakhshid poshtam be shomaast*, a gafarce ni na ba ku baya, amsarta kuma tana daga cikin masu daɗin harshen: *gol posht o ru nadaare*, fure ba shi da gaba da baya.

In jan kara ya yi tsawo, matar gida za ta ce *befarmaayid, az dahan miofte*, a zahiri "zai faɗo daga baki", ma'ana zai huce ya rasa daɗi. Wannan alama ce ta a daina ja-in-ja. Abin da baƙo ke faɗa da ganin abinci shi ne *bah bah!*, santin farko ke nan, sai *ceraa in hame zahmat keshidid?*, duk wannan ɗawainiya haka?

## Mataki na 5: Zuba abinci, ƙari, da ƙin ƙari

A nan ne aikin yake. Kalmar zuba abinci *keshidan* ce, wato ja. *Bekeshid* na nufin ku zuba. *Baraatun bekesham?* na nufin in zuba muku?

Abin da za ka tarar galibi farar shinkafa ce, *celo*, da za'afaran a samanta, ko *polo* wadda aka dafa haɗe da ganye ko wake ko busassun 'ya'yan itace. Sai miya mai kauri, *khoresh*. *Ghorme sabzi* ta ganye ce da jan wake da nama da busasshen lemun tsami. *Fesenjaan* ta ruwan rumman ce da niƙaƙƙen *gerdu*, wata ƙwaya mai maiƙo. A gefe akwai kwandon ɗanyen ganye, *sabzi khordan*, da kindirmo, *maast*, da *dugh*, tsinkakken nono mai gishiri da na'a-na'a. Da cokali a dama ake ci, mai yatsu a hagu yana turawa, wuƙa ba ta cika fitowa ba.

Zubin farko ya zama kaɗan da gangan: ludayin shinkafa ɗaya ko biyu, wanda suke kira *kafgir*, da cokali biyu ko uku na miya a kai. Ba a malala miyar kamar ta tuwo, kaɗan-kaɗan ake ɗorawa. Dalilin rage zubin farko shi ne ƙari dole ne. Wanda ya cika faranti tun farko, ko dai ya ƙi ƙarin ya ɓata wa mai girki rai, ko ya karɓa ya bar saura, su kuma suna ƙyamar almubazzaranci, *esraaf*. In iri biyu ko uku aka dafa, a taɓa kowanne.

Sai ƙanzo. Abin da yara ke kankara a gindin tukunya a wurinmu, a Iran shi ne sarkin faranti. Sunansa *tahdig*, gindin tukunya, da gangan ake yin sa da mai, wani lokaci da yankakken dankali ko gurasa a ƙasa, kuma da shi ake auna gwanintar mai girki. Baƙo ake fara miƙa wa. Ka ɗauki gutsure ɗaya madaidaici, ka yaba, ka tuna kowa a wurin idonsa na kai.

Da farantinka ya kusa ƙarewa za ka ji *cizi nakhordid ke!*, ai ba ku ci komai ba! Ko da ka ci faranti biyu za a faɗa. Karɓi ƙari na farko da *ye kam, lotfan*, ɗan kaɗan don Allah. Bayan nan ƙi yana hawa mataki-mataki. Ka fara da *mamnun, hast*, na gode, akwai saura. In aka sake, *mamnun, kaafiye*, ya isa. In ludayi ya taso duk da haka, ɗora dama a ƙirji ko ka kare farantin da tafin hannu ka ce *be khodaa sir shodam, ta'aarof nemikonam*: wallahi na ƙoshi, ba kara nake yi ba. *Dige jaa nadaaram*, ba sauran wuri, ita ma tana aiki. (*Sir* ɗin nan na ƙoshi, shi ne kuma sunan tafarnuwa.) Dabarar da ta fi duk waɗannan kalmomi ita ce cin abinci a hankali. Farantin da ya riga na kowa zama wayam, gayyatar ludayi yake yi.

In akwai abin da ba ka ci, kada ka ce ba ka so. Ka jingina shi da jiki: *be man nemisaaze*, ba ya karɓa ta. Iraniyawa sun yarda da rabon abinci zuwa mai "zafi" da mai "sanyi", *garmi* da *sardi*, don haka wannan uzuri ba ya buƙatar bayani. Mai ciwon sukari ya ce *ghand daaram*, mai borin jini ya ce *hassaasiyat daaram*, wanda likita ya hana wani abu ya ce *parhiz daaram*.

Gargaɗi ga mai son yaji: girkin Tehran da Isfahan da Mashhad ba na barkono ba ne, tsami da ƙamshi suka fi rinjaye. Sai a kudu, wajen Bandar Abbas da Bushehr da Khuzestan, ake samun mai zafi. Tambayar *felfel daarid?*, kuna da barkono, ba laifi ba ce a gidan abinci. A gidan mutane kuwa a fara yabo tukuna, in ba haka ba sai ta zama kamar gyara. Kada kuma a kira abinci *bi-namak* ko *bi-maze*, lami ko salam, ko da wasa. Akwai kalmomi biyu da za ka ji a bakin matasa suna tsokanar juna, *kuft* da *zahre maar*, dafin maciji. Su ne kishiyar *nushe jaan*, baƙar magana ce, a gane su kawai kada a maimaita.

Wani abu kuma: in Ba'iraniye ya ɗaga haɓa sama ya ɗaga gira, wani lokaci da ɗan tsaki, "a'a" yake nufi. Ba raini ba ne, kuma ba "e" ba ce.

## Mataki na 6: Godiya

Ita ce maganar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ga wadda ta yi girkin ake faɗa, a dube ta: *daste shomaa dard nakone*, a rubuce دست شما درد نکنه, kada hannunku ya yi ciwo. Ga aboki *dastet dard nakone*. A ƙara da *kheyli khoshmaze bud*, ya yi daɗi ƙwarai. Amsa: *nushe jaan*. Wasu su ce *sare shomaa dard nakone*, ku ma kada kanku ya yi ciwo. A nan *daste shomaa dard nakone* da *nushe jaan* suka haɗu, ɗaya na kiran ɗaya.

Yabo mai suna ya fi yabo na gaba ɗaya. Ka ambaci ƙanzon, ko miyar, ko ka ce *dastpokhtetun aaliye*, hannunku na girki ba dama. Ita kuma za ta rage wa kanta: *bebakhshid age bad bud*, a yi haƙuri in bai yi daɗi ba. Kada ka yi shiru, kada kuma ka ce "ba komai", don hakan amincewa ne da cewa bai yi daɗin ba. Amsar ita ce *ekhtiyaar daarid, aali bud*, wato haba dai, ya yi matuƙar kyau.

Ga maigida da gidan baki ɗaya sai addu'a: *khodaa barekat bede*, Allah ya sa albarka, ko *sofretun por-barekat*, shimfiɗarku ta cika da albarka. *Barekat* ɗin nan da albarkarmu tushensu ɗaya. Mutum a kansa ya ce *elaahi shokr* ko *alhamdolellaah*. Wanda aka tarar a madafa yana fama da tukwane a ce masa *khaste nabaashid*, kada ku gaji, daidai da sannu da aiki, ya amsa da *salaamat baashid*.

Tayin taimakawa wajen kwashe kwanuka ana yin sa, *ejaaze bedid komak konam*. Baƙon farko za a zaunar da shi, ya zauna. Wanda ya saba da gidan ya tashi ya kama da gaske.

Suna ɗaukar cin abincin mutum da nauyi. Sukan ce *mehmun habibe khodaast*, baƙo masoyin Allah ne, kusa da "baƙonka annabinka". Wanda ya ci gishirin gida ya zama *namak-gir*, gishiri ya kama shi, akwai haƙƙi a wuyansa. Butulu kuwa shi ne wanda "ya ci gishiri ya fasa tandun gishirin".

## Mataki na 7: Tashi

Bayan abinci wani shayin zai fito. Ba a miƙewa da ajiye cokali, a ba shi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Neman tafiya shi ne *baa ejaaze, zahmat ro kam konim*, da izininku bari mu rage muku wahala. Za a ce tun yanzu, a ce ku kwana. Kara ce. A bakin ƙofa ka ce *kheyli zahmat daadim*, mun ɗora muku ɗawainiya, su ce *ce zahmati*, wace ɗawainiya, ko su juya kalmar su ce ba *zahmat* ba ce *rahmat* ce. Bankwanar kanta takan ci minti goma a tsaye.

Washegari in kana ba wani labarin walimar, dole ka sa *jaaye shomaa khaali*, wurinku ya kasance fanko, ma'ana an yi kewarku. Ya amsa da *dustaan be jaaye maa*, abokai sun wakilce mu. Bayar da labarin daɗin abinci ba tare da ita ba kamar gori ne.

## A gidan abinci

Wanda ya yi gayya shi ke biya, amma sai an yi kokawar biya tukuna. Ka zaro kuɗi da gaske sau ɗaya ko biyu, in ya ce *mehmune man hastid*, ku baƙina ne, ka bari, ka rama wani karon. Ɗalibai da abokai sukan ce *dongi*, kowa ya biya nasa.

Tarkon yana wurin mai karɓar kuɗi. Ka ce *ceghadr shod?*, nawa ya kama? Ya ce *ghaabel nadaare*, bai kai a biya ba, ko *mehmune maa baashid*, ku zama baƙinmu. Ba kyauta ya yi ba. Ka ce *khaahesh mikonam, befarmaayid*, ya faɗi farashi, ka biya. Baƙon da ya ce *mersi* ya juya ya fita ya bar mutum da asara da kunyar kiran sa. Sannan a tantance kuɗin: a takarda *riyal* ne, a baki *toman*, toman 1 riyal 10 ne. Mutane kuma sukan yar da "dubu", mai cewa *sad toman*, toman 100, sau da yawa 100,000 yake nufi.

## Azumi, sadaka da ruwa

A watan azumi ana ce wa mai buɗa baki *ghabul baashe*, Allah ya karɓa, ko *namaaz ruzehaatun ghabul*, ya amsa da *ghabule hagh*. Sahur *sahari* ne, buɗa baki *eftaar*. Mai azumin da aka yi wa tayi ya ce *ruze hastam*. Kiran magariba a masallatan Shi'a yana zuwa kimanin kwata na awa bayan faɗuwar rana, don suna jiran jan gabas ya gushe, baƙon da ya saba da lokacin Ahlus Sunna ya san da wannan kafin ya miƙa hannu ga dabino a gidan mutane. Cin abinci a fili da rana a watan kuma haramun ne a dokar ƙasar.

Abinci ɗaya ne ba a yi masa kara: *nazri*, na cika alwashi, wanda ake rabawa musamman a Muharram, galibi shinkafa da miyar *gheyme* ko *shole zard*, faten shinkafa mai zaƙi da za'afaran. A karɓa a ce *nazretun ghabul*. Haka dabino ko alewar da ake zagayawa da ita ranar Alhamis da yamma don mamata: a ɗauki ɗaya, a ce *khodaa rahmat kone*, a karanta Fatiha.

Bayan shan ruwa za ka ji da yawa suna cewa *salaam bar Hoseyn*, aminci ya tabbata ga Husaini, tunawa da ƙishirwar Karbala. Ba a jiran baƙo ya faɗa. Wanda ya sha ruwa ana iya ce masa *nushe jaan* ko *aafiyat baashe*, wadda ake faɗa wa mai atishawa da wanda ya fito wanka. *Aafiyat* ɗin ita ce "lafiya" tamu, daga kalmar Larabci ɗaya.

## In Ba'afgane ne ko Batajike

Harshen ɗaya ne, kalmomin sun ɗan karkata. A Afganistan *noshe jaan* ake furtawa, godiya *tashakor* ce, shimfiɗa *dastarkhaan*, kuma *aan* ba ya komawa *un*. *Naan* a can ba gurasa kaɗai ba ce, abinci ne gaba ɗaya, mai tambayar *naan khordi?* yana nufin ka ci abinci? Maimakon *khaste nabaashid* sukan ce *maanda nabaashi*, a amsa da *zenda baashi*, ka rayu. A Tajikistan, inda ake rubuta harshen da haruffan Rasha tun wajen 1940, tayi *marhamat* ne, godiya *rahmat*, kalmarmu kuma ta koma *nushi jon*. Idan an gama ci, dattijon wurin yakan ɗaga hannu ya yi addu'a, kowa ya shafa ya ce *omin*, kuma ba a tashi daga shimfiɗar kafin a shafa.